Ɗan Rakiya Ɗan'uwanku Ne

Da sunan Allah. Ni Hajo, mahaifiyarku, ina rubuta wannan a ɗakina da ke Gobarau da cikakken hankalina. Ƙafafuna ne suka kumbura, numfashi kuma yana yi mini wuya. Ku ƙanana ne, kai babban da ke Hadiza. Mahaifinku zai ajiye muku har ku iya karatu.

Na ɗaya. Akwatin littattafaina na hikaya na Hadiza ne. A cikinsu duk wadda ta kwanta ciwo, sai wani ya iso da magani kafin shafin ƙarshe. Na daɗe ina zaton haka duniya take. Ki karanta, 'yata, suna da daɗi, amma ki riƙa ɗaga kai kina duba maƙwabta.

Na biyu. Kada ku riƙe kakarku ta wajen uba a zuci. Ita ta tafasa mini ruwan wankan jego, ta dama mini kunun kanwa, yadda aka yi mata. Likita ya ce su suka raunana mini zuciya, tun ranar kuwa mahaifinku bai shiga ɗakinta gaisuwa ba. Malam, don Allah ka shiga.

Na uku. Akwai Rakiya, matar wani ɗan dako a Babbar Kasuwa. Daga ƙauye suka zo, suna zaune bayan ganuwa. Wata ɗaya muka haihu, kumburi ɗaya ya kama mu, mun kuma haɗu a layin asibiti. Ni matar akawu ce, aka gane ni, aka shigar da ni. Ita aka ce ta dawo gobe. Ta dawo, aka sake cewa gobe. Ta riga ni tafiya. Ana ta gina benaye da arzikin fetur, amma bayan ganuwa babu ko ɗakin shan magani. Ni da matan unguwa mun sa hannu a takardar koke zuwa ma'aikatar lafiya ta jiha a Kaduna, muna neman a gina musu, a kawo ungozoma, a kuma daina duba suturar mutum kafin a duba ciwonsa. Shiru har yau. Na so in ga ranar buɗewa, har na zaɓi zanen da zan ɗaura. Malam, ka ci gaba da bin maganar. In ba a yi ba har kun girma, ku ɗauka.

Na huɗu. Jaririn Rakiya, Idi, na shayar da shi tare da Hadiza har ya ƙoshi, ba sau ɗaya ba. Ɗan'uwanku ne na nono, babu aure tsakaninsa da ke, Hadiza. Warwaraina na azurfa nasa ne, ya ba matar da zai aura. Kada wani ya kira shi ɗan ƙauye a gidan nan ku yi shiru.

Allah ya yi muku albarka, ya raya ku bisa imani. Na yafe muku kukan da ba zan ji ba. Ku riƙe juna. In an tambaye ku ku nawa ne a wurin uwarku, ku ce uku.