Rawar Hannun Baba

Daren Juma'a, Asokore Mampong

Yau na gama daidaita hotunan Baba, Allah ya jiƙansa. Duk Juma'a yakan tsaya a ƙofar mai waakye, wato shinkafa da wake, ya ɗauki hoton ginin masallacin unguwarmu, tun daga tushe har rufi. Da na jera su a kwamfuta sai rawa suke, shi ya sa na daidaita kowanne da turken lantarki ɗaya. Yanzu bango na tashi sumul.

Na nuna wa Mma. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ya yi kyau, amma ina rawar? Hannun babanku ne fa. Da ita nake gane lokacin da ciwonsa ya soma."

Na dawo ɗaki na buɗe na asalin. Har yanzu su nake kallo.