Janaretan Maigida da Hannun Maƙwabci

Anti Kamila, ki taimake ni da shawara, don an yi mana alheri na rasa yadda zan rama.

A unguwar Lalala muke haya, nan ƙasar da muke baƙunta, shagon maigida a gaba, ɗakunanmu a baya. Tun da aka karya darajar sefa komai ya yi tsada, kajin firiza su ne ke riƙe da mu. Da wuta ta fara ɗaukewa sai ya sayo ƙaramin janareta. Maigidana mutum ne da bai taɓa ganin abin da ba zai iya gyarawa ba. Ya haɗa waya mai kai biyu, ɗaya a janareta, ɗaya a soket ɗin bango, gida ya haske. Ni da na yi jami'a har tafa masa na yi.

Ran Asabar ya manta bai sauke babban makunnin da ke raba gidanmu da layin kamfani ba. Maƙwabcinmu, ɗan ƙasa ne, mai aikin lantarki, yana gyaran waya wajen mitocinmu da yake ya san an ɗauke wuta. Wutarmu ta bi layi ta wurgar da shi. Tafin hannunsa ya ƙone, amma Allah ya yi da sauran kwana.

Anti, kin san yanzu ana kamen baƙi, katin zaman maigida kuma bai fito ba. Kalma ɗaya daga bakin maƙwabcin ta isa a kama mu. Bawan Allahn nan bai kai ƙara ba. Cewa kawai ya yi a bar shi ya sa mana makunnin sauya layi. Maigida ya ƙi, wai aikin ƙa'ida takardu yake jawowa. Ya saya masa shadda, ya yi rantsuwa ba zai sake mantuwa ba. Kullum ina ganin hannun nan a ɗaure. Yaya zan yi?

'Yar'uwarki a Lalala

'Yar'uwa, Allah ya kiyaye gaba, ya ba maƙwabcinku lafiya.

Tsoron maigidanki ba shirme ba ne, kada ki yi masa dariya. Amma ki tuna masa a hankali: wanda zai tona ku da ya riga ya yi. Abin da zai kawo hukuma ƙofarku shi ne gawa ko gobara.

Rantsuwar kuwa, ran Asabar ma ai bai yi niyyar mantawa ba. Amfanin makunnin sauya layi ke nan: ba ya barin wutar janareta da ta kamfani su haɗu, ko an tuna ko an manta. Wayar nan mai kai biyu a yanke ta yau. Kafin a yi aikin, ku jona firiza kai tsaye a jikin janareta da waya mai kauri. Janaretan ya zauna a fili, nesa da taga, inda ruwan sama ba ya taɓa shi, don hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ankara ba. Kada a zuba mai sai ya huce. Ku nemi izinin mai gidan hayar, a bar ma'aikacin ya duba wayar ƙasa, wadda ke zubar da wuta cikin ƙasa in an samu matsala.

Ku ba shi shaddar, ku ɗauki nauyin maganinsa, ku biya ladan aikin cikakke. Amma mutumin nan abu ɗaya ya roƙa, kuma ba don kansa kaɗai ba: akwai wani hannun da zai taɓa wayar nan gobe. Ku ba shi abin da ya roƙa.

Allah ya fito da katin lafiya, ya bar ku da maƙwabcin kirki.

Anti Kamila