Sarƙar da Na Ɗaure Akuya da Ita

Zuwa ga Mai Girma babban jami'in da ke kula da dokokin hanya a yankinmu, Garwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon ku gafarce ni bisa ƙarfin halin rubuto muku. Sunana Nafisatu, ɗaliba ce a lise, wato makarantar sakandare. Ko a aji ba na iya ɗaga hannu, shi ya sa na zaɓi takarda.

Mahaifina direban tarakta ne, yana jan remok, wato tirelar da ake loda wa auduga. Babbar ƙusa ce ke haɗa remok da tarakta, a gefenta kuma akwai sarƙa. Tun ina ƙarama nake ganin sarƙar nan tana lilo, ban taɓa ganin ta ja komai ba. Na ɗauka ba ta da aiki.

Wata Litinin da la'asar, akuyarmu ta sake tsinke igiya ta cinye wa maƙwabta dawar da suka shanya. Baba yana masallaci. Na kwance sarƙar na ɗaure akuyar da ita, da niyyar in mayar, sai na manta. Washegari da safe, a hawan da ke kusa da kasuwarmu, taraktar ta faɗa rami, ƙusar ta yi tsalle ta fita, remok ɗin ya gangaro baya da lodinsa. Ya bi ta kan rumfar Mama Rebeka, mai sayar da gyaɗa, wadda ta sha ƙara mini a kan abin da na saya. Ƙafarta ta karye wuri biyu.

Da Baba ya dawo gida ya ga sarƙar a wuyan akuya. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya dube ni. Ya shaida wa jami'anku cewa shi ya manta da ita. An karɓe masa parmi, wato lasisin tuƙi, mai taraktar ya ba wani direba ita, ga jigilar auduga ta kankama. Yanzu wuni yake yi a zaure. Da faɗa ya yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Ga abin da nake so ku sani:

Na ɗaya, ni na cire sarƙar. Shekarun da Baba ya yi yana tuƙi bai taɓa raba ta da remok ba. Na san ya kamata ya duba kafin ya tashi, shi ma ya sani, amma hannuna ne ya fara.

Na biyu, sai bayan hatsarin na ji cewa doka ta wajabta sarƙar, domin ita ke riƙe remok idan ƙusa ta fita. Na sha bin Baba ƙauye lokacin hutu. Ana tsayar da mu, a duba takardu, a duba fitila. Ban taɓa ganin wanda ya sunkuya ya duba mahaɗin ba. Da sau ɗaya na ga mai kaki ya taɓa sarƙar nan, wallahi da ban kusance ta ba. Ba laifina nake so in ɗora muku ba. Amma jiya a hanyar makaranta na ga remok biyu da aka ɗaure da waya kawai.

Na uku, da Faransanci aka rubuta dokar. Baba da abokan aikinsa Fulatanci da Hausa suke ji.

Saboda haka ina roƙon a sake duba maganar parmin Baba. Idan akwai tambaya, ni za a kira. Zan zo, duk da kunyata. Ina kuma roƙon a riƙa duba ƙusa da sarƙa a hanya, a bayyana dokar a rediyo da harsunan da direbobi da iyalansu suke ji.

Baba bai san na rubuta wannan ba. Mama Rebeka ta sani, domin na je asibiti na faɗa mata gaskiya. Ta juya fuskarta bango, amma ba ta kore ni ba.

Allah Ya ƙara muku lafiya da adalci, Ya kare ku da iyalanku a kan hanya. Idan kun ba ni izini, ina so in sake rubuto muku sau ɗaya, ranar da Mama Rebeka ta taka ƙafarta.

Wassalam.

Nafisatu,
Garwa.