Hannu na Takwas

Talata, 1 ga Oktoba, 1957

"Muddin ina cikin majalisar gunduma, babu mai raba matan Kankiya da turamensu."

Haka ya ce. Watan Afrilu, ana saura kwana uku zaɓe, da bakinsa, ta lasifika, har kajin gidana sun ji. A ranar na rubuta shi a littafin nan, shafi na sha ɗaya. Don haka kada wani ya ce tsufa ne ya fara taɓa ni.

Yau Ma'u ta zo ajin karatu ba ta ko buɗe littafi ba. Mijinta masinja ne a majalisa. Ta ce an kawo shawarar doka: daga kakar bana, gyaɗar da aka ɓare a turmi ba za ta hau sikeli a kasuwa ba, sai wadda inji ya ɓare. Inji kuwa ɗaya ne a duk gundumar nan, na Alhaji Gajere, wakilin wani kamfanin injuna na Kano. Na ce wa ya karanta takardar a gaban majalisa? Ta dubi ƙasa. Na sake tambaya. Ta ce, "Malama, naki ne."

Babba. Ɗana na fari.

Mata arba'in da 'yan kai ke zama a filin bayan kasuwa. Manoma su kawo buhuna, su kuma su ɓare, ladansu mudu da tsakin da ya karye, da shi suke mai da ƙuli-ƙuli. Rabinsu babu miji a kansu. Sha tara daga ciki ɗalibaina ne. Ranar zaɓe maza masu biyan haraji ne suka yi layi bayan wanda suke so, mu ba mu da layi. Amma wa ya kori mazan daga gindin inuwa zuwa layin Babba? Matan nan. Ma'u har tuwo ta hana.

Laraba, 2 ga Oktoba

Ban ci komai ba sai fura. Na ƙona miya.

Jumma'a, 4 ga Oktoba

Motar lasifika ta zagaya gari sau huɗu: zamani ya zo, kowa ya fito ya ga ikon Allah. Na yafa mayafi na tafi. Ba zan zagi abin da ban gani ba.

Na gani. Kuma gaskiya sai a faɗe ta ko a littafin da ba mai karantawa: injin yana aiki. Buhu guda kafin a gama gaisuwa, ƙwaya ta fito lafiya lau ba karyayya. Na daɗe da karantawa a jarida cewa Turawa sun fi son wadda ba ta karye ba. To, madalla. In ya fi turmi, a bar shi ya fi turmi, manomi ba wawa ba ne, zai kai inda ya ga dama. Me ya kawo doka? Abin da ya fi ƙarfin abokin gasarsa ba ya bukatar ɗan doka ya riƙe masa hannu.

Wata tsohuwa daga Rimaye ta ɗaga murya: "Alhaji, shi injin naka yana da ɗiya marayu da zai ciyar?" Aka yi dariya. Ta buɗe baki za ta ƙara, mai lasifika ya murɗa abinsa, kiɗa ya rufe ta. Na ga bakinta yana motsi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Wannan hoton ya ƙi barin idona.

Litinin, 7 ga Oktoba

Na tafi Kusada wurin ƙanwata Tani.

Ina rubuta wannan ina jin haushin kaina. Na karanta fiƙihu gaban mahaifina, na koyi boko wurin marigayi mai gidana, ina iya rubuta wa Di'o, Baturen mulki, takarda ba kuskure, amma ɗan da na haifa ba na iya cewa da shi zo nan. Kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa rubuta shi ba, shi ya sa nake cewa Babba. Ana yaye shi Dada, mahaifiyarmu, ta ɗauke shi zuwa Kusada. Tare da Tani ya tashi, har yau Yaya yake ce mini yadda take cewa. Duk abin da zan gaya masa sai ya bi ta bakin Tani.

Na ce ta je ta maimaita masa maganarsa, kalma kalma. Ta ce, "Yaya, mi za ni ce in ya ce bai tuna ba?" Na ce ki ce masa an rubuta.

Muna hira ta tuna mini abin da nake ta kauce wa. "Wai lasifikar da ya yi alkawarin da ita, ta wa ce?"

Ta Alhaji Gajere ce. Na sani tun a lokacin. Ban tambaya ba don ban so in sani ba. Ina tsakar gida ina tankaɗe muryarsa ta faɗo mini ta kan katanga, shekara ashirin da takwas ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba. Na ajiye rariya na saurara har ƙarshe. Daɗi na ji. Allah ya yafe mini.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Tani ta zo da amsa: "A ce wa Yaya abin yana da tsawo."

Tsawo! Igiyar guga ce?

Asabar, 12 ga Oktoba

Na je gidansa da sunan duba jikata. Tun daga zaure na ji wani yana magana da Hausar Kaduna. Akwatin rediyo ne, sabo fil, da batirinsa kamar tubali, an shimfiɗa masa kyalle mai ado ya fi na gadon amarya.

Yana zaune a tabarma. Ya miƙe, ya durƙusa, ya gaishe ni yana duban bango, na amsa ina duban randa. Matarsa Rahamatu ta tsaya tsakaninmu, baiwar Allah.

Na ce, "Rahamatu, tambayi mai gidan nan, akwatin can gado ya ci ko tsintuwa ya yi?"

Ya ce, "Rahamatu, ce wa Yaya aro ne. Don 'yan majalisa su riƙa jin labarin duniya."

"Tambaye shi duk 'yan majalisar aka ara wa?"

Rahamatu ta ce, "Inno, ga ruwa."

Mijin Ma'u ya riga ya lissafa mini. Su goma sha biyar ne. Bakwai na ƙauyuka, su Kafin Soli da Dudunni da sauransu, sun ce ba su yarda ba, don matansu ke ɓara. Su labarin duniya bai kamace su ba, ba a ara musu komai ba. Bakwai suna da rediyo, hannunsu na sama tun kafin a tambaya. Wannan da na gani shi ne na takwas. Ranar Alhamis 24 ga wata za a ɗaga hannu.

Aka ce mana Turawa za su tafi, talaka zai zaɓi mai yi masa magana. Ga shi talaka ya tsaya cikin rana ya zaɓa. Wani kuma ya zauna a inuwa ya jira a gama, ya saye abin da aka zaɓa.

Talata, 15 ga Oktoba

Alhaji Gajere da kansa a zaurena, da hantsi. Ƙamshin turarensa har yanzu bai fita ba.

Ba mugun fuska gare shi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya yi wa marigayi addu'a, ya yabi karatuna. Ya ce Baturen kamfani ya ji labarin ajina, yana so a gina mini ɗaki mai rufin kwano da benci da babban allo. Kuma injin zai bukaci mata shida masu tsince tsakuwa, ni zan zaɓe su.

Na ce, "Sauran talatin da 'yan kan fa, Alhaji? Su tsinci me?"

"Malama Jamilatu, Allah ke ciyarwa."

"Shi ke ciyarwa. Da turmi yake ciyar da su kafin ka zo."

Ya yi dariya har da tafa cinya. Ya ce da ni namiji ce da ni ya ara wa lasifika. Na ce ai ka ara wa ɗana. Sai ya ce, yana gyara hula, kamar mai faɗin farashin goro: "Shi da abokin takararsa duka na ara wa, shi da safe, wancan da yamma. Ni ba na siyasa, Malama. Wanda ya ci nawa ne."

Na ce ya kai wa Baturen gaisuwata, rufin ciyawa bai taɓa hana harafi shiga kai ba.

Bayan ya tafi na tsaya ina kallon inda ruwa ke yoyo a rumfar ajina, inda littattafai biyar suka jiƙe da damina. Na ɗan jima ina kallo. Ba zan ce ban jima ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Yau ba mu yi ba-be-bi ba. Na ce su faɗi abin da suke so a gaya wa Di'o da jarida, ni in rubuta. Duk filin ya zo, har waɗanda ba sa aji. Hayaniya kamar gidan suna. Ɗaya ta ce a rubuta Alhaji ɓarawo ne, na ce wannan ba mu da shaida. Rediyo muke da shaida, da ranar da aka kai kowane, da gidan da aka kai. Mijin Ma'u ne ya nuna wa direba gidajen.

Sha tara suka sa hannu da sunansu, da kansu, wasu harafin yana hawa dutse yana gangarowa. Sauran suka dangwala yatsa. Na ɗan juya baya don kada su ga fuskata.

Da aka zo jera sunayen masu rediyo na rubuta bakwai na ajiye alƙalami. Ma'u ce kawai, da za ta fita, ta ce a hankali, "Malama, takwas mijina ya ce."

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ciwon kai. Ba aji.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ya zo bayan la'asar, shi kaɗai, ba Tani ba Rahamatu. Ya tsaya bakin rumfa ya rasa wanda zai ba saƙo. Ni ma na rasa. Sai na ji bakina ya ce, "Zauna."

Na dube shi. Yana da tabo a gira ta hagu, ban san da shi ba, ban san ranar da ya samu ba.

Ba zan iya kawo duk abin da aka faɗa ba, guntu-guntu nake tunawa. Ya ce kamfani ya yi alkawarin famfo a Kusada, kuma na san yadda Dada ta yi ta jan guga har kafaɗarta ta mutu. Na ce famfon a rubuce yake? Ya ce magana ce ta manya. Na ce kai ma magana ka yi.

Ya ce, "Yaya, in na ƙi, zaɓe mai zuwa lasifikar tana bayan wani wanda ko takardar ba zai karanta ba. In ina ciki ina iya rage wani abu."

"To me ka rage?"

Ya ce yana neman a ɗaga dokar zuwa baɗi. Na ce wato su mutu baɗi maimakon bana. Na gaya masa akwai takarda, da abin da ke cikinta, da inda za ta. Ban ɓoye ba. Ya san abin da zai biyo baya: in Di'o ya bincika, kujera ta tafi, wataƙila har gaban alƙali.

Da ya miƙe sai ya ce, "Tunda aka haife ni ba ki taɓa dubana kin yi mini magana ba. Yau kin yi. Saboda turmi."

Ina da amsa ga Alhaji, ina da amsa ga Bature, ina da amsa ga duk malaman garin nan. Wannan ban samu ba. Ya sa takalmansa ya tafi.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Tani ta aiko: wai a Kusada ana cewa na zubar da kunya. Su ce. Rahamatu ta aiko da dambu, ba saƙo. Rediyon yana nan, an ji shi da safe.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na sake kwafe takardar da safe, kofi biyu, don ta farko tawada ta ɓata gefenta. Dalilin ke nan, ba wani ba.

Da na zo layi na takwas ban tsaya ba. Rabe. Haruffa huɗu ne ashe, ba su fi na kowa nauyi ba. Na zauna ina duban sunan har tawada ta bushe. Mahaifinsa ne ya zaɓa. Suna ne mai kyau, ban taɓa lura ba.

Alhamis bayan azahar za su zauna. Mata ba sa shiga, amma ba a hana kowa tsayuwa gindin bishiyar bedin da ke fuskantar taga ba. Can zan tsaya, inda zai gan ni, ba zan dubi ƙasa ba. Yana da yau, da gobe, da jibi, ya mayar da akwatin nan gidan da ya fito.

In hannunsa ya tsaya a cinyarsa, zan yanke layi na takwas da reza, sauran bakwai su tafi. In ya ɗaga, Jumma'a da sassafe motar Katsina za ta ɗauke ni da takardun biyu, da kaina zan miƙa, ba zan ba kowa saƙo ba. In na dawo in wuce gidansa in gaya masa na kai. Da bakina, da sunansa.