Rasuwar Malam Nababa, Mai Hana Goge Allo

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Zauren Lissafi da Fiziks na ɗaliban jami'a 'yan asalin Zakirai da kewaye ya samu labarin rasuwar ubanmu kuma mai masaukinmu, Alhaji Malam Nababa Khalilu, Sarkin Noman Unguwar Kanya, wanda ya koma ga Mahaliccinsa ranar Laraba da hantsi bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A shekarar da yajin aikin malaman jami'a ya zaunar da mu gida wata da watanni, ga tsadar taki, har wasunmu suka fara haƙura da karatu, marigayin ne ya buɗe mana zaurensa, ya sa aka shafe bango guda da baƙin fenti, domin kowace Asabar bayan La'asar ɗalibi ɗaya ya tsaya ya karantar da 'yan'uwansa. Sharaɗinsa guda ne, cewa ba a goge allo sai shi, wanda bokonsa bai wuce firamare ba, ya ce ya gane. Mun sha gumi a kan wannan doka, kuma masu ji da kansu a cikinmu sun fi kowa shansa, domin duk wanda ya ɓuya a bayan Turanci sai Baba ya gyara zama ya ce a maimaita da Hausa.

Sai a zaman makoki mai ɗakinsa, Hajiya Safiyatu, ta shaida mana cewa sau da yawa ya riga ya gane, fuskokin 'yan ajin farko kawai yake dubawa, idan ya ga kunya ta hana su tambaya sai ya ɗauke musu nauyin. Wallahi wannan magana ta sa mu kuka.

A madadin shugabanni da dukkan 'yan Zaure, muna miƙa ta'aziyya ga Hajiya Safiyatu, da babban ɗansa Malam Mika'ilu, da 'ya'ya da jikoki, da ɗaukacin al'ummar Unguwar Kanya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalansa haƙuri da juriya.

Iyalan sun ce zaure yana nan a buɗe, abin da ya rage shi ne ko za mu iya riƙe dokarsa ba tare da shi ba. A Asabar ɗinsa ta ƙarshe, ɗaya daga cikin 'yan Zaure, Malama Asama'u Badaru, ta yi bayanin abin da ke sa ruwan ban-ruwa ƙara gudu idan bututu ya tsuke, Baba ya ce bai gane ba tukuna, a bar rubutun sai wani mako. Rubutun yana nan a bango. Bayan sadakar bakwai Malama Asama'u za ta maimaita, kuma muna roƙon wanda Baba ya rufa wa asiri a ranar, ko wane ne shi, ya daure ya ɗaga hannu da kansa.

Sa hannu:
Sama'ilu Ɗan'auta Zakirai
Sakataren Yaɗa Labarai, Zauren Lissafi da Fiziks