Layin da Na Ja a Cikin Tifar Kawuna

Hajiya Kaltuma, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar.

Bara na gama karatun aikin hanya da gadoji. Kawuna Alhaji Mai Nasara, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami, ya ɗora ni kan tifofinsa biyu masu ƙafa goma, da ke ɗauko tsakuwa daga wajen Zermu zuwa masu gini a unguwar Zango. Ni ke sa hannu a takardar lodi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Doka ta ba mota mai aksul uku, wato mai ƙafa goma irin tamu, tan ashirin da shida, ita da kayanta. Na kai ɗaya sikeli babu kaya, ta yi tan sha biyu da rabi. Saura sha uku da rabi ke nan. Mita kubik ɗaya na tsakuwarmu tan ɗaya da digo shida ne, in ta jiƙe ya fi haka. Wato mita takwas da 'yan kai ya halatta mu ɗauka. Mu kuwa sha shida muke zubawa, har a yi wa motar tozo. Sau uku na sake lissafin, tan talatin da takwas yake ba ni.

Sai na sayi jan fenti na ja layi a cikin bodin daidai inda mita takwas ke tsayawa, na ce wa mai lodi kada ya wuce shi. Ban gaya wa Kawu ba, na ɗauka zai ji daɗi. Ranar farko mai gini ya leƙa, ya ce rabin mota aka kawo masa, ya mai da ita. Direbobi yanzu Malam Sikeli suke kirana, wai har tuwo sai na auna nake ci. Bukar ne kaɗai, dattijon cikin direbobinmu, ya ce mini a gefe burki ba ya kama masa a gangare in motar ta cika.

Kawu ya ce in goge layin kafin Asabar ko in ba shi makullan motocin. Ba na son in zama butulu, kuma hannuna ba ya iya rubuta ashirin da shida a kan talatin da takwas.

Mai Damuwa, Damagaram

Ɗana, lissafinka daidai ne. Na kai shi wurin wani tsohon makanike, bai cire ko tan guda ba, sai ma ya ƙara da cewa ai irin wannan lodi ne ke karya sifirin na ƙarƙashin mota.

Amma ka yi kuskure. Ka shiga motar mutum da fenti, ka gyara masa sana'ar shekara ashirin a gaban yaransa, shi ne na ƙarshen ji. Mai ginin ma kada ka ga laifinsa. A garin nan da ido ake sayen tsakuwa, tifar da ba tozo kuwa kowa zai ce an cuce shi.

Ka same shi a gida, ba a gareji ba. Fara da ba shi haƙuri, ka bar takardunka a aljihu. Ka tafi da Bukar, don maganar burki daga bakin wanda ke taka shi ta fi lissafinka shiga kunnen Alhaji. Roƙo ɗaya za ka yi: a cika mota yadda aka saba, a hau sikeli yana tsaye. In ya gani da idonsa, sai ku yi maganar sayar da tsakuwa da awon mita, a faɗa wa mai saye tun kafin mota ta tashi. Wasu za su gudu wurin masu tozo, kada ka ɓoye masa wannan.

In ya ƙi, miƙa masa makullan da hannu biyu, ka ci gaba da zuwa gaishe shi kamar kullum. Ranar da burki ya ƙi a gangare, sunan da ke kan takarda za a fara nema, kuma Bukar ne a cikin motar.

Allah ya sanyaya zuciyar Alhaji, ya kai motocinku gida lafiya.

Hajiya Kaltuma