Jikana Yana So In Rantse In Rage Masa Shekara Huɗu

Assalamu alaikum 'yata Asabe. Don Allah ki taimaka min da shawara, mijina ne ya sa ni a tsaka mai wuya. Kada ki ji na ce miji ki ɗauka tsohon ne, shi kam shekararsa goma sha ɗaya a ƙasa, Allah ya ji ƙansa. Jikana nake nufi, ɗan 'yata Fatsuma, wanda tun ranar suna nake ce masa Angona, shi kuma da ya yi baki ya raɗa min Amarya Mai Haƙori Shida. Yanzu ma huɗu suka rage, amma ya ƙi gyara sunan. Bari in kira shi Ya'u a nan, ba shi ne sunansa ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, ajin yaƙi da jahilci kawai na yi.

A Nassarawa GRA muke zaune, amma ba ni ce matar gidan ba. Ɗaki biyu ne a can baya kusa da tankin ruwa. Daga ƙasar Ringim muka zo, marigayi shi ne mai ban ruwan fulawar gidan shekara talatin, da ya rasu Alhaji mai gidan ya ce in ci gaba da zamana. Fatsuma ta rasu Ya'u yana wata bakwai, ubansa ma bai daɗe ba ya bi ta. Ni na goya shi, ni na yaye shi da kunu.

Gidan da ke kallon namu na wani tsohon hafsan soja ne, a da har da sojoji a ƙofa. Tun Ya'u yana shekara huɗu zai yanki guntun mesar kakansa ya saɓa a kafaɗa, ya tsaya ƙiƙam a bakin get, ciki a gaba, majina a hanci, yana sara musu. Su ma su sara masa. Ranar nan ba mai iya taɓa shi, ko tuwo na miƙa masa sai ya buga ƙafa a ƙasa kafin ya karɓa. Muna dariya muna cewa zai wuce. Bai wuce ba.

To ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da ya gama sakandare yana shekara goma sha takwas ya cike fom ɗin soja. A watan ne kuma aka kawo wa Malachi, kukun gidanmu, jakar ƙanensa da ya tafi aikin soja can gabas. Jaka kawai, da agogo a ciki. Na ga ƙato irin Malachi ya zauna a ƙasan kicin yana kuka kamar yaye. Saura kwana biyu Ya'u ya tafi tantancewa sai na wayi gari na ce ƙafata ta riƙe. 'Yata, lafiyata ƙalau, ko akuya aka saki zan kamo ta. Amma na kwanta ina nishi ina salati, har da wasiyya na bar masa a kan wa za a ba tukwanena. Yaron nan ya goya ni zuwa bayan gida, ya shafa min man zafi, ya fasa tafiya.

Shekara ta zagayo, ƙafa ta sake riƙewa. A ta uku ma na manta wacce ce mai ciwon, na kama ɗingisa ta dama alhali ta hagu ce a da. Ya tsaya yana kallona ya ce Amarya ba waccan ba ce? Na ce masa ai irin sanyin nan ne mai yawo, yau yana nan gobe yana can. Loretta matar Malachi tana wanke-wanke a gefe, sai da ta tura kai cikin baho don kada ya ga dariyarta. Daga nan bai ƙara maganar soja ba. Ya je Tudun Murtala ya koyi gyaran janareto, yanzu duk layinmu in inji ya yi tari shi ake kira. Na ce alhamdulillahi, na ci nasara.

Ashe ban ci komai ba. Shekararsa ashirin da biyar yanzu. Bai yi aure ba, duk yarinyar da na nuna masa sai ya ce ai yana da ni, wahalata ta ishe shi. Kullum bayan asuba sai ya yi gudu har Giginyu ya dawo, yana wuce manyan Alhazan da likita ya tilasta wa tattaki saboda suga. In motar sojoji ta wuce yana kan aiki, sai in ga hannunsa ya tsaya da sifana a sama, idonsa ya bi ta har ta sha kwana, ya daɗe yana kallon inda ta ɓace. Da zai yi faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Ni kuma na koma mafarki. Unguwar nan da rana tsaka shiru take, sai kukan kurciya da ganye yana faɗowa a kan kwano. In na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mangwaro bayan azahar, ido biyu ma nake ganin abin. Sai in ga dogon titinmu an share shi fes, furannin nan ja sun zubo sun rufe kwalta, Ya'u ya taho daga can ƙarshe cikin kaki, takalminsa yana ƙyalli, masu gadi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga get suna sara masa. Ni ina bayansa a buɗaɗɗiyar mota, na ci ado da leshi, haƙorana sun dawo cif, marigayi yana gefen titi da mesarsa yana min hararar kishi. Har Fatsuma nake hangowa a kan katanga tana kaɗa ƙafa kamar lokacin tana yarinya, tana guɗa. Wani lokacin kuma titin dai shi ne, furannin su ne, amma ba kowa a kai sai wani baƙon mutum yana tahowa a hankali da jaka a hannu yana duba lambar gidaje. Sai in farka in ji janareto yana ruri a maƙwabta, in ce to yana nan.

Ranar Talatar da ta wuce ya shigo ya zauna a bakin gado, ya cire hula, ya ce min Iya. Da na ji Iya ba Amarya ba na san akwai magana. Ya ce an buɗe ɗaukar kurata, amma shi shekarunsa sun haura iyakar da aka sa. Wai wani ya ce masa abu ne mai sauƙi, a je kotu wani babba nasa ya yi rantsuwa a takarda cewa shekararsa ashirin da ɗaya, sauran takardun za a san yadda za a yi da su. Babban kuwa ni kaɗai ce ta rage masa. Na so in mayar da abin wasa, na ce in ana rage shekaru a kotu to a rage min arba'in in samu saurayin da ya fi shi kyau. Ko murmushi bai yi ba. Ya ce sau uku ya zauna saboda ƙafata kuma bai taɓa da-na-sani ba, yau shi ne yake roƙon abu ɗaya.

'Yata, kin ji inda na maƙale. Ni na karɓi haihuwar yaron nan da hannuna, ranar Alhamis cikin azumi, ana tsananin sanyi. In na rantse cewa shekararsa ashirin da ɗaya, to wa ya haife shi? A lokacin Fatsuma ta haura shekara uku a kabari. Ga tsoron Allah, ga shi ina bakin hanyar lahira. Amma shekarun nan da suka yi masa yawa ni na ci masa su a kwance. In na ƙi, na hana shi sau huɗu ke nan. Kuma ban ɓoye miki ba, can ƙasan zuciyata akwai wata tsohuwa da take murna da samun hujjar ƙi mai tsarki. In rantse ko kada in rantse? Kuma in faɗa masa maganar ƙafa, ko in tafi da ita?

Taki, Kakar Soja, Nassarawa GRA, Kano.

Wa alaikumus salam Iya.

Na yi dariya a wajen sanyi mai yawo, na kuma ajiye wasiƙar na share ido kafin in ƙarasa. Allah ya ji ƙan Fatsuma da mahaifinta da mijinta.

Amsar tambayarki ta farko gajera ce: kada ki rantse. Kin riga kin san hukuncin rantsuwa a kan ƙarya, ba sai na yi miki wa'azi ba. Abin da zan ƙara shi ne ko shi Ya'un ba za ta amfane shi ba. Ranar haihuwarsa tana kan takardar makarantarsa, tana kan katin ɗan ƙasa, tana banki. Mai cewa za a san yadda za a yi, ba shi zai tsaya a layin tantancewa ba. In aka gano tun a ƙofa an koro shi da kunya, in kuma sai bayan ya shiga aka gano, abin ya fi muni. Aikin da mutum zai ba da ransa a kai bai kamata ya shige shi yana tsoron a buɗe fayil ɗinsa ba.

Sai dai ƙin rantsuwa kaɗai bai wanke ki ba, kuma ke ma kin hango hakan da kika ambaci tsohuwar nan mai murna. Tsoronki na gaskiya ne. Kin binne 'ya, kin ga jakar ƙanen Malachi, ba wanda zai ce ki saki jika ɗaya tilo hankali kwance. Amma rayuwarsa ce, kuma shekara uku kika karɓa daga ciki ba da saninsa ba. Don haka amsar tambaya ta biyu: ki faɗa masa, a makon nan, tun ba a rufe fom ba. Ki fara da maganar ƙafa kafin maganar kotu, don ya san ba sabuwar dabara ce kika ɓullo da ita ba. Wannan karon ban da wasa, ban da Ango. Ki kira shi da sunansa, ki ce kin yi kuskure saboda tsoro, ki nemi yafiyarsa. Zai iya yin fushi, zai iya kwana biyu bai ci tuwonki ba. Ki bar shi ya yi, haƙƙinsa ne. Kada kuma ki yi mamaki in kika tarar ya daɗe da sani.

Yanzu ga abin yi. A iya sanina, ana yi wa masu sana'ar hannu sassaucin 'yan shekaru fiye da sauran kurata, in suna da takardar gwajin sana'a. Ya'u makanikin janareto ne, kuma barikin soja ma yana buƙatar mai gyaran inji. Ban ce miki tabbas zai samu ba, don sharuɗɗan sukan canza. Ya karanta sanarwar bana da idonsa, layi bayan layi, ya daina jin ta bakin wani. In bai da takardar sana'ar, ya tambayi ubangidansa na Tudun Murtala inda ake yin gwajin, ya fara nema gobe, domin shekarunsa ba su bar masa lokacin jira ba. Tsohon hafsan da ke kallon gidanku ma, ki sa mayafi ki tsallaka titi ki gaishe shi. Ba alfarma za ki roƙa ba, bayani na gaskiya za ki nema wa yaron da ya girma a kan idonsa.

Ki kuma cire masa damuwar wa zai kula da ke. Ki yi magana da Alhaji da Hajiya, ga Loretta kusa, a tsara yadda zamanki zai kasance in ya tafi, ya ji da kunnensa cewa an tsara.

Zai yiwu duk a yi wannan ƙofa ta ƙi buɗuwa. In haka ta faru zai ji ciwo, amma zai san a wannan karon kakarsa ta tsaya a bayansa da gaske. In kuma ta buɗe, zai kasance babba a cikin yara 'yan sha takwas, za su ce masa Baba, gwiwarsa za ta fi tasu jin horo, amma zai fi su haƙuri da sanin abin da ya kai shi. Ranar tafiya ki yi kukanki a fili, ki ɗora hannu a kansa ki sa masa albarka da babbar murya, yadda duk inda aka tura shi zai riƙa jin ta.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciyar faɗar gaskiya, ya sanyaya zuciyar Ya'u, ya zaɓa masa mafi alheri, ya tsare shi da duk 'ya'yan mutane da ke bakin daga.

Taki, Asabe.